Faten Tsoffin Turawan Ingila

Shekara uku ke nan da faruwar abin, amma ko zan yi ɗari a duniya ba na jin wannan Asabar ɗin za ta fita daga kaina. Har gobe in na tuna sai na tsinci kaina na kai yatsu biyu gefen wuyana ina laluben jijiya, in tabbatar tana bugawa. Ina kwance ne a kan kafet ɗin falon Yayata a Riyad, an naɗe mini kai da haɓa da farin mayafi, ina ta ƙyaƙyata dariya har da hawaye, sai na ji leɓena na ƙasa ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na lasa, harshen ma ban ji shi sosai ba. Yawu ya cika mini baki. Na ɗaga ido na kalli fitilar sama, na ga ta yi rawaya-rawaya da wani zobe a kewaye da ita. A nan dariyar ta tsaya.

Amma bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ya kwantar da ni a ƙasa tun farko.

Na je Riyad ne da bizar ziyara bayan na gama sakandare, kafin sakamakon jarrabawa ya fito. Yaya nas ce a wani asibiti, mijinta kuma injiniya ne, kullum yana wajen gini. 'Yarsu ɗaya, lokacin shekararta goma sha ɗaya. A can aka haife ta, Larabci a bakinta kamar ruwa, Turanci ma haka, Hausar ce dai take fitowa a karkace. In ta ce "Anti, zo ka gani" sai na yi ta dariya har ta yi fushi. Makarantarsu tsarin Ingila take bi, kuma a wannan zangon ana koya musu yadda mutanen Ingila suka rayu shekaru ɗari shida zuwa ɗari bakwai da suka wuce. Aka raba wa kowane ɗalibi abin da zai kawo aji ranar Lahadi, don a can da Lahadi ake fara makon karatu. Ita aka ba ta abinci da ladubban cinsa.

Mako guda muka yi ba mu da wata hira sai ta tsoffin Turawa. Tana dawowa daga makaranta za ta baje takardunta a ƙasa tana karanto mini, ni kuma ina tsinke alayyahu ina ta mamaki. Abin da ya fara kashe ni da dariya shi ne jin cewa ba su da cokali mai yatsu. Da hannu suke ci, kowa kuma da wuƙarsa a ɗamara in zai je gidan biki. Na ce ashe dai, su da suka zo suna yi mana kallon-kallo a kan cin tuwo da hannu. Kafin a ci sai an zagaya da buta da kwano kowa ya wanke hannu, kamar dai a gidanmu. Farantinsu kuwa burodi ne. A bar shi ya kwana biyu ya bushe ƙamas, a yanka da faɗi, a zuba abinci a kai, in an gama a tattara farantan da suka jiƙe da romo a ba mabarata a bakin ƙofa. Na ce wannan ko ba komai sun huta da wanke-wanke.

Ta ce talakawansu ɗaki ɗaya suke kwana da saniyarsu, mutane a wannan gefe, dabbobi a wancan, saboda sanyi. Ta ce ganye da ciyawa suke shimfiɗawa a daɓe maimakon tabarma. Matan aurensu ba sa fita kai a buɗe, har haɓa suke naɗewa. Wanzamansu su ne masu cire haƙori, su ne masu tsaga a zubar da jini. Mai gidan burodin da ya yi algus kuwa, rataya masa burodin ake yi a wuya a ja shi cikin gari kowa ya gani. Ni dai duk abin da ta faɗo sai na ce ai akwai shi a ƙauyen kakarmu. Har na fara cewa Yaya ina ganin mutanen nan dangi ne da muka ɓace da su. Yaya ta ce mu dai kada mu ƙona mata tukunya.

Abincin da za mu dafa wani irin fate ne, wanda suka ce kusan kullum shi talaka yake ci. Sha'ir, kabeji, albasa, wake, da duk ganyen da aka samu a bayan gida. Ba tumatir, ba attaruhu, ba dankali, wai a lokacin duk ba su iso ƙasarsu ba. Na roƙi yarinyar nan ta bar ni in jefa ko daddawa ɗaya, ta ce malamarsu za ta gane. Ranar Juma'a da la'asar babanta ya kai mu kasuwar Aziziya muka sayo kayan lambu, faffaɗan burodinsu na tamis kuma tun Alhamis muka shanya shi a kan firij don ya zama faranti. Abu ɗaya muka manta. A takardar an rubuta cewa masu hali suna ƙawata abinci da fure, suna ma cin sa, musamman furen wardi. Yarinyar ta ce ita fatenta na masu hali ne, dole a sa.

Ni wannan bai zame mini baƙon abu ba ko kaɗan. Mu da muke cin furen zogale, muke shan zoɓo, muke miya da furen gurjiya? Ranar Asabar da safe Yaya ta tafi aiki, mijinta ma ya fita, sai na tuna da shukokin da ke jere a bakin get ɗin gidanmu. Dogaye ne, ganyensu siriri, furensu ruwan hoda mai ninki-ninki, ga ƙamshi. Irinsu ne a tsakiyar titi ko'ina a garin. Kullum ina wucewa ta gabansu, kuma tun ranar da na zo na yanke wa kaina hukunci cewa wardi ne. Ban tambayi kowa ba. Na zura abaya na sauka, mai gadin gidan, wanda a can ake cewa haris, yana baya yana wanke motoci. Na cika leda da fure, na haɗa da ɗan ganyen don faten ya yi kore. Na yanka rabi na zuba a tukunya, rabi na ajiye na ado.

To a cikin duk al'adun da ta karanto, akwai wadda ta fi burge yarinyar nan. Wai manyansu tsoron guba suke yi ƙwarai, don haka babban mutum ba ya kai loma baki sai wani bawansa ya fara ɗanɗanawa a gabansa, an tsaya an ga bai faɗi ba. Ta ce abin da za ta nuna a aji ke nan, amma sai mun gwada a gida ta ɗauka a waya. Ba sai na gaya muku wa aka ba aikin ɗanɗano ba. Ita ta yi hular kwali ta hau kujera mai hannu, ta sa gishiri a gabanta, wai kusancinka da gishiri shi ne girmanka a wajen cin abinci. Ni aka naɗe ni da mayafi kamar mai ciwon haƙori, aka tsayar da ni can ƙarshen tebur.

Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini."

Ta ɗaga hanci ta ce, "Ci, ya ke bawa."

Na gutsuri gefen farantin na dangwalo. Ɗaci. Ɗaci kamar an matse shuwaka ba a wanke ba, har da wani zafi-zafi a harshe. Da a gida ne da na tofar. Amma mako guda ina jin labarin mutanen da suke miya ba tumatir ba yaji, me zan yi tsammani? Na ce a raina Allah sarki, haka bayin Allah suka rayu. Na haɗiye. Sai shaiɗanin wasa ya zo mini, na riƙe wuya, na juya idanu, na yi tangal-tangal na zube a kan kafet ina shure-shure.

Yarinyar ta yi dariya har hular kwalin ta faɗo. Wayar ta karkace, hoton ya lalace. Ta ce a sake. Muka sake, wannan karon ni ce na fashe da dariya tun kafin in faɗi. Muka sake, mayafin ya warware. Muka sake, ta ce mutuwar ta yi sauri, ita tana so in ɗan yi jawabi tukuna. Na yi jawabi, na bar wasiyya cewa a ba saniyata gefen gadona. Kowane ɗauka sai na ci loma, wani lokacin biyu, don ta ce a gaske ake so a ga ina haɗiyewa. Tsakanin ɗauka da ɗauka kuma sai mu zauna mu kalli abin da muka yi, mu yi ta birgima. Mun fi awa ɗaya a haka. Sau biyu na ce ta zo ta ci nata mu gama, ta ce a'a, doka ce, maigida ba ya taɓa abinci sai bawa ya gama aikinsa daidai. Ina zargin warin kabejin ne ma ya hana ta, amma dai dokar ta riƙe.

A faɗuwa ta bakwai ne leɓena ya yi nauyi.

Na ce mata ta tsaya, ba na jin daɗi. Ta ce yawwa, wannan muryar ta fi, in ci gaba. Na ce ta kira Mamanta. Ta leƙo ta gefen wayar ta ce, "Anti, babu Mama a cikin labarin." Ina so in yi mata tsawa, ina kuma so in yi dariya, ga cikina ya fara murɗawa kamar ana matse wanki. Na yunƙura zan tashi, falon ya juya da ni. Ban kai banɗaki ba na fara amai, kuma sai da ta ga aman nan sannan ta sauke wayar. Ban taɓa ganin fuskar yaro ta sauya da sauri haka ba.

Ta kira Yaya ba ta ɗauka ba, tana cikin aiki. Ta kira babanta, layi ba ya shiga. Sai ta kwasa a guje ta sauka ta kirawo haris. Dattijo ne ɗan Sudan, mai kunya, bai taɓa wuce bakin ƙofarmu ba. Ya tsaya daga nan yana sallama, yana tambaya ko zazzaɓi ne. Idonsa ya sauka a kan tebur, inda sauran furen yake a baje a kan tire, gwanin kyau. Sai ya manta da kunya ya shigo har tsakiyar falo da takalminsa. Ya ɗaga fure ɗaya, ya nuna tukunya, ya nuna bakina. Na gyaɗa kai. Ya dafe kansa da hannu biyu ya yi salati, ya shiga zuba Larabci da sauri, kalma ɗaya kawai nake ji tana maimaituwa, difla, difla, ashe sunan shukar ke nan.

Na tambayi yarinyar me yake cewa. Ita kuma ba ta san a sassauta magana ba, balle da Hausarta.

"Ya ce ba wardi ba ne. Ya ce guba ne. Ya ce ko raƙumi ya ci, zuciyarsa tana tsayawa."

Ban san lokacin da na fara kalmar shahada ba. Haris ya kira motar asibiti, yana yi yana tambayar yarinyar ko ita ma ta ci, tana girgiza kai tana kuka. Kafin su iso Yaya ta kira. Ina jin muryarta ta waya, ba ihu, ba salati, irin muryar da take yi wa marasa lafiya. Ta ce kada a ba ni komai in sha, a kwantar da ni ta gefe, a taho da tukunyar da reshen shukar. Wannan natsuwar tata ta fi komai tsorata ni, don na san Yaya, a kan cokali ɗaya da ya ɓace sai ta tara unguwa.

Haka muka shiga asibitin da take aiki: ni a kan gadon da ake turawa da abaya a karkace da farin mayafi har yanzu a haɓa, yarinya a baya rungume da tukunyar fate, haris riƙe da reshe mai fure kamar ya zo gaida amarya. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗaura ruwa, aka ɗebi jini. Akwai wani allo a saman kaina da yake nuna bugun zuciya. Ni ba na ganin sa, amma ina ganin Yaya, kuma tunda ta shigo ba ta kalli fuskata ba, allon take kallo. Ina jin ƙarar na'urar, tit, sai a daɗe, sannan tit. Tsakanin ɗaya da ɗaya har ina samun lokacin yin tunani. Na tuna Innarmu a gida. Na ce yanzu da wane baki za a gaya mata? Mutane suna addu'ar cikawa a ƙasa mai tsarki, a Makka ko Madina, cikin harami. Ni ga ni a Riyad, ko Umara ban yi ba tukuna, a kan faten Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakannin kakannina.

Likitar wata mace ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ce tana bukatar sanin abu biyu: nawa na ci, kuma da ƙarfe nawa na fara. Na ce loma uku ko huɗu. Yarinyar ta share hawaye ta ce ba haka ba ne, tana da shi duka a waya.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku wannan ba. Likita, da nas biyu, da Yayata, suka haɗa kai a kan waya a gefen gadona suna kallon ina mutuwa sau bakwai. Likitar tana ƙirga loma da biro a kan takarda. Ina jin muryata tana fitowa daga wayar, "Ranki ya daɗe, a ba ni izini," sai shure-shure. Da aka zo wajen wasiyyar saniya yarinyar ta fassara musu da Larabci ba wanda ya sa ta. Wata nas 'yar Filifin ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Likitar ta cije leɓe ta gyara gilashi ta ce loma goma sha ɗaya. Ni kaina, da wayoyi a ƙirji da mutuwa a gabana, sai da wata dariya ta kuɓuce mini, ta koma kuka a hanya.

Sai likitar ta juya ga yarinyar ta tambaye ta da gaske ko ɗanɗane ba ta yi ba. Ta ce a'a, ita ce maigida, layi bai zo kanta ba. Likitar ta sake tambaya ina za a kai sauran. Ta ce aji, gobe, kowa zai ci. Yaya ta nemi bango ta jingina, ta sulale ta zauna a ƙasa da fararen kayanta.

Maganin farko da aka kawo mini kuwa gawayi ne. Gawayi dai da kuka sani, an dama shi baƙi ƙirin a kofi, wai shi zai kama gubar da ta rage a ciki. Na kalli Yaya na ce duk na'urorin nan, a ƙarshe sai gawayi? Ta ce in shanye kafin ta ɗura mini. Na sha ina yunƙurin amai, haƙorana suka koma kamar na mai tallan gawayi. Daga baya bugun ya ƙara yin ƙasa, na ga sun yi ta sauri, an yi mini wata allura ta cikin ruwan, aka mayar da ni wani ɗaki da ba a barin kowa ya shiga sai Yaya. Wannan ɓangaren ba ni da abin dariya a cikinsa. Abin da na sani shi ne ban yarda na rufe ido ba, don gani nake in na daina sauraron na'urar nan za ta yi shiru.

Ranar Lahadi da misalin ƙarfe goma na safe likitar ta shigo da takardu. Ta daɗe tana kallon allon, ta kama hannuna ta ƙirga da kanta, kamar ba ta yarda da na'urar ba. Sannan ta yi magana da Turanci a hankali don in gane. Ta ce zuciyata ta koma tafiyarta, jinin da aka sake ɗiba ya yi kyau, haɗarin ya wuce. Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Yaya, wadda tun jiya ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba, ta kifa kai a kan ƙafafuna ta yi ta kuka, tana yi tana dukan cinyata.

"Bakinki ciwo yake yi? Haris yana bakin get safe da yamma. Tambaya ɗaya, Auta. Ɗaya tak."

A wannan sa'ar na gane cewa idon da na zo da shi daga gida, itatuwan gida kawai ya sani. A can ko a mafarki ba zan tsinki tumfafiya in sa a miya ba, saboda tun ina rarrafe ake buge mini hannu a kanta. A nan ba wanda ya taɓa buge mini hannu, ni kuma na ɗauka rashin hani izini ne. Mako guda na yi ina koyon yadda mutanen wata ƙasa suka rayu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, ban san sunan shukar da ke ƙofar gidan da nake kwana ba. Tun daga ranar, duk inda na sauka baƙuwa, ba na jin kunyar a ce na cika tambaya. Abin da ban ji sunansa daga bakin ɗan gari ba, komai kyansa, ba ya shiga tukunyata.